Yadda Na Kai Ɗan Koren Allon Malam Gaya

Tun da na dawo daga Gaya ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tare ni, a gidan suna a tare ni, wai da gaske ne abin ya yi magana, wai da gaske ne matan can suna hawa babur. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk faɗa sai na yi kuka, idona kuwa ba sauran ƙarfi gare shi. Shi ya sa na roƙi Malama Sa'adatu, mai koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zauna da alƙalami. Ni ban san alif ba. Wanda ya sake tambaya, a karanta masa.

Sunana Dije. Tungarmu tana gabas da Fakku, a ƙasar Kebbe. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, ya rasu bayan an gama yankan dawa, zazzaɓin kwana shida. Shekara arba'in da bakwai muna tare, ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.

Ranar farko tabarmi ba su ishi masu gaisuwa ba. Rana ta biyu aka hau rumbunsa za a ɗebo gero na sadakar uku, sai aka ci karo da gwangwanin madara a ƙarƙashin dammuna. A ciki akwai wani ɗan koren allo, bai kai tafin hannuna ba, da haƙora a gefe kamar matsefi, da ramuka huɗu a kusurwoyi, da wata 'yar takarda a naɗe. Alu, ƙanen Malam, ya ɗaga shi sama a gaban maza ya ce, "Kun gan ta. Da wagga na'ura aka kiran ɓarayin daji."

Dole in faɗi abin da ya sa maganar ta kama. Bara waccan 'yan bindiga sun kore shanun tungarmu, kowa kuma yana cewa sai da ɗan gari akan ci gari. An kuma taɓa ganin Malam, kafin nan, yana yawo a bakin daji da wasu baƙi, yana nuna musu itatuwa da sanda. Da na tambaye shi a lokacin, cewa ya yi, "Aiki na, in ya nuna kya gani." Bai ƙara ba, ban ƙara ba.

Ranar uku mutum biyar suka zo. Ranar bakwai liman ne kaɗai da mijin 'yata. Ranar arba'in na daka gumba ta yi tsami a ƙwarya ba mai ci. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ina jin mata suna wucewa ta bayan danga suna rage murya.

Da na fita takaba na je gaban mai unguwa na ce a ba ni abin in kai inda za a sa shi ya faɗi ko mene ne shi. Alu ya ce zan je in musanya shi da wani. Wani dattijo ya ce ko na dawo da hoto a waya ba su yarda ba, waya kowa na iya sa mata magana, sai dai abin da kansa ya yi shaida a gabansu. Liman ya ɗauko jan zare ya zura a rami ɗaya, ya yi ƙulli irin nasa, ya ɗiga masa kakin zuma ya danna babban yatsansa. Ya ce, "In ƙullin ga ya dawo yadda ya tai, shi na. In bai dawo ba, Dije, kar ki wahal da mu."

Ba wanda ya yarda ya raka ni sai Tumba, taubashiyata, mai kai daddawa Kamba. Ita ma sai da ta ce, "Ni ba don ke za ni ba, baiwar gidanmu. Kar dai ki ɓace a ce ni na sai da ke."

Mun hau babur zuwa Kebbe da sassafe, lokacin bazara, gwangwani a ɗaure a cikina da ɗankwali. Mai babur ɗan tungarmu ne, bai ce mini uffan ba har muka isa, yana ta matsawa gaba kamar ina ɗauke da garwashi. Daga Kebbe muka shiga ƙaramar bas zuwa Tambuwal. Duk wanda ya dube ni sai in ga kamar ya sani. Wata mata ta miƙo mini gyaɗa, na ƙi karɓa. Allah Ya yafe mini, baiwar Allah ba ta san komai ba.

A kasuwar Tambuwal aka nuna mana rumfar Basiru mai gyaran waya, magidanci mai furfura a gemu. Da ya ga allon sai ya yi murmushi ya ce, "Inna, wannan ai kwamfuta ce, ƙarama." Ban yarda ba. Kwamfutar da na taɓa gani a wajen katin zaɓe tana da fuska da baki, wannan kuwa ko riga ba ta da ita. Ya nuna mini wani ɗan kati a ƙasanta, kamar farcen yatsa, ya ce duk abin da ta sani yana nan, bari ya zare ya duba a tasa na'urar.

Na ce, "Ba ka zare komi."

"Inna, minti biyu ne."

"In ka zare, wa ya san wanda za ka maida?"

Tumba ta ce, "Yi haƙuri ɗana, ko kazarta ba ta yarda da ita ba, sai ta ƙirga ƙwai gabanta."

Ya haƙura. Ya haɗa allon da talabijin da wata igiya, ya ba shi wuta da cajar waya, ya jona masa abin bugun rubutu. Fuskar talabijin ta yi baƙi, fararen rubutu suka riƙa gudu kamar jerin tururuwa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce abin yana da rai, kuma akwai shafuka a ciki da hotuna da muryoyi, amma babu burauza. Na ce mece ce ita? Ya ce kamar a gina rumbu a cika shi da hatsi a manta ba a yi masa ƙofa ba. Ita ce ƙofar. Ya ce zai jawo ta daga intanet ta wayarsa ya sa masa irin wadda ke cikin babbar kwamfutarsa.

Ya buga, muka zauna. Rubutu ya yi ta tafiya, ya rage gudu, ya tsaya cik. Ya danna nan ya danna can, shiru. Na kai yatsa na taɓa allon, na ji zafi kamar murfin tukunya. Kakin liman na dab da wurin. Ban san lokacin da na fizge igiyar wutar ba. Basiru ya dafe kai ya ce ba a yi wa na'ura haka, zan iya lalata katin. Ni kuma a raina na ce Alu ne ya riga ni zuwa nan. Sai daga baya na san mutumin bai cuce ni ba, kayan raƙumi ne ya ɗora wa ɗan jaki. Shi ne ma ya karanta mana takardar: sunan wata Madam Ramatu, da garin Gaya na ƙetaren iyaka, da lambar waya. Ya kira sau uku ba ta shiga. Ya ce, "Wadda ta haɗa shi ita ta san nauyin da zai iya ɗauka. Ku je can."

Muka kwana gidan 'yar ƙanwar Tumba a Tambuwal, da safe muka kama hanyar Jega. A Jega muka canja mota, muka bi ta Kalgo da Bunza. Motar ta lalace a gaban Bunza, muka sauka ƙarƙashin wata bishiyar bedi, direba ya shige ƙarƙashin mota sai ƙafafunsa ake gani. A nan ne na faɗa wa Tumba abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ce, "Tumba, in fa da gaskiyar Alu?"

Ta dube ni ta ce, "Mi kika ce?"

"Shekara arba'in da bakwai bai ɓoye mini ko goro ba. Mi ya sa wanga ya shiga rumbu?"

Ba ta yi mini wasa ba a wannan karon. Ta ce, "To, in kina tsoro, ga rijiya can, jefa shi mu koma." Na dubi rijiyar na daɗe. Da na jefa, da zato ya zauna a tungarmu har abada, kuma ya zauna a cikina, wanda ya fi muni. Na yi kuka har direba ya leƙo ya ce, "Inna, yanzu za ta tashi, ba mu kwana nan."

Kafin mu isa iyaka Tumba ta kawo dabara. Ta ce a tusa gwangwanin a tsakiyar kwandon daddawarta, ba ma'aikacin da zai sa hannu a daddawa. A Kamba muka hau wata mota mai buɗaɗɗen baya. A shingen farko aka duba katinmu aka ce mu wuce. A na biyu, inda tuta ta canja kala, wata ma'aikaciya mai kaki ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwa cikin daddawar, kamar wadda ta tashi a gidan masu yin ta. Ta fito da gwangwani. Da ta buɗe ta ga allo da jan zare da kaki, sai ta ja da baya, fasinjoji suka watse, har da direba.

Aka kai mu wata rumfa gaban babbansu. Ya juya allon ya yi dariya, ya yi wa 'yan uwansa magana da Faransanci, sannan ya ce mini da Hausa, "Iya, abin ba laifi ba ne. Ɓoyon ne laifi. Don me kika sa shi a daddawa?" Na nuna Tumba. Tumba ta dubi sama. Ya ɗauko reza zai yanke zaren, wai ya ga ko akwai wani abu a ƙarƙashin kakin. Na kama hannunsa, ni da ban taɓa kama hannun namijin da ba nawa ba. Na ce ya yanke yatsana in ya so. Na ba shi labari tun daga rumbu. Ya ajiye rezar. Ya ɗauki biro ya ce, "Sunan mijin?" Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Tumba ta faɗa masa, ta ƙara da cewa, "Mu can ba a kama sunan miji, ranka ya daɗe, ko da ya mutu." Ya ce kakarsa ma haka take. Ya rubuta, ya miƙo mini gwangwanin da hannu biyu.

Gaya gari ne na bakin ruwa. Mun sauka gidan Hamsatu, wata Badendiya, 'yar asalin can, mai ƙyafe kifi, wadda ke sayen daddawar Tumba. Ta ba mu ɗaki mai ƙamshin hayaƙi, da gado na ƙarfe wanda ban iya barci a kansa ba, na sauko ƙasa. Da Tumba ta gaya mata mijina ya rasu, sai matar nan ta ajiye kifin da ke hannunta, ta wanke hannu, ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Fonda tilas." Wai haka suke gaisuwar mutuwa, sannu da abin da ya zama dole. Ta kira maƙwabtanta, suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna faɗin haka. Wata biyar ke nan rabona da in ji an gaishe ni da rashin Malam. Duk da haka da za mu kwanta sai da na ɗaure gwangwanin a cinyata, don na ga tana yawan kallonsa.

Abincinsu ya ba ni mamaki. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, ni da haƙori shida sai da na jiƙa shi a ruwan zafi. Suna kwaɗa zogale da ƙuli kamar mu, amma su zuba shi a kan dambu su ɗora kifi, su ci da rana a matsayin tuwo. Furarsu ba ta kai tamu ba, wannan ko a gaban Hamsatu na faɗa. Mata kuwa da gaske suna tuƙa babur, da goyo a baya, ba mai waiwayensu. Kuma da rana ta take tsaka sai ma'aikata su kulle ofis su tafi gida su kwanta, sai la'asar. Mu a tungarmu wanda ya kwanta da rana, ko dai ba shi da lafiya ko ba shi da gona.

Wannan kwanciyar ce ta sa muka yi sawu biyu kafin mu sami Madam Ramatu. Hamsatu ce ta yi cigiya har aka nuna mana wani ɗan ofis kusa da kasuwar dabbobi, na wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya. Mace ce doguwa mai tabarau, za ta yi shekara hamsin. Da na kwance gwangwanin ta shinshina ta ce, "Wannan ya sha miya." Da ta ga allon kuwa sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Na dattijon wajen Fakku ne. Ina yake?" Na gaya mata. Ta cire tabarau ta ajiye.

Ta ba ni labari. Shekarun baya sun bi burtalin da shanu ke bi daga ƙasarsu zuwa tamu, suna neman tsofaffin da suka san inda ya bi tun asali, kafin gonaki su cinye shi. A yankinmu kowa ya ce su nemi Malam. Kwana uku yana yawo da su, suna ɗaukar hotonsa da muryarsa. Suka zuba komai a irin waɗannan alluna, kowane gari ɗaya, don a riƙa jona shi da talabijin ko babu intanet. Ranar da ta kai masa nasa, ba ta gama aikin ba, saura abin buɗe shafukan. Ta ce ya ajiye zai ga ta dawo bayan sati biyu. Sai hanya ta lalace da 'yan bindiga, aka hana su shiga, layin wayarta na wancan lokaci ma ya mutu.

Labarin ya yi daɗi da yawa, shi ya sa ban yarda da shi ba. Na ce a raina, in tare suke da ɓarayin ai haka za ta ce. Na ce mata, "Ni ba labari na zo ji ba. Ki sa mishi ƙofa, ina kallo. Kar ki zare kati, kar ki taɓa zare."

Ta ce, "To, Inna, matso da kujera."

Ta kawo tata cajar, ta ce rabin ciwon irin wannan allo yunwar wuta ce, cajar waya ba ta ƙosar da shi. Ta manna masa wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga a kan baƙin tabon da ke tsakiya, wai ya riƙa shan zafi. Da tururuwan rubutu suka fito sai ta ce, "Wani ya taɓa shi." Na ce Basiru ne, na kuma faɗi yadda na fizge igiya. Ta ce Allah Ya taimake ni katin bai mutu ba, amma ya bar kaya rabi a bakin hanya, sai ta kwashe su tukuna. Ta kwashe. Sannan ta jona wata igiya ta intanet, ta ce yanzu allon zai tambayo abin da ke akwai a yau, kamar yadda akan aika a zagayo kasuwa kafin a yi saye. Wannan kaɗai ya ci lokacin da za a dafa wake.

Ta ce za ta sa masa nabigater. Na miƙe tsaye. Na ce a Tambuwal burauza aka ce ya rasa, ita kuma ga wani abu daban. Ta yi dariya ta ce abu ɗaya ne, bakin Turawansu ne daban da na namu. Amma ba babbar za ta sa ba. Akwai 'yar ƙarama marar kwalliya, wadda ba ta cin wuri, ta kuma iya nuna hoto da fitar da murya, ita ce daidai wuyansa. Ta buga layi ɗaya, allon ya yi tambaya, ta amsa masa da harafi ɗaya. Wani farin zare ya fara tsawo a ƙasan talabijin. Ya kai rabi aka ɗauke wuta.

Na ce, "Shi ke nan, kin kashe shi."

Ta nuna mini wata 'yar jar fitila a jikinsa tana nan a kunne. Ashe tun farko a batirin hasken rana ta jona shi, talabijin ne kawai ya mutu. Ta mai da shi ma kan batirin. Ofishin ya ɗau zafi, na ce kakin zai narke, sai Tumba ta zare maficinta ta tsaya a kan allon tana yi masa fifita kamar jariri. Ta ce, "Ko mijina ban yi ma haka ba." Da ta gaji ta miƙo mini, ta ce za ta je ta sha iska ta sayo mana ruwa.

Tana fita zaren ya cika. Madam ta buga wani abu, baƙin ya yaye, fuskar talabijin ta yi fari, ga zanen hanya ja yana murɗawa, ga jerin rubutu a gefe. Ta ce tsofaffi goma sha ne a ciki, kowa da shafinsa, ita kuma Baba kawai take ce masa, ta manta sunan. "Yaya sunansa, Inna?"

Na dubi ƙofa, ba Tumba. Na ce ta jira. Ta ce batirin ba zai jira ba. Na rufe ido na faɗa. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma ba za a rubuta shi a nan ba, waɗanda suka san shi sun san shi.

Sai ga Malam. Yana tsaye gindin marken da ke bayan gonarmu, da shuɗiyar rigar da na yi wa ƙari a kafaɗa, da sandarsa. Ta danna, ya yi gyaran murya irin nasa. Ban ji farkon maganar ba, kukana ya rufe ta. Madam ta bar ni na yi mai isata, sannan ta mayar farko. Ya yi sallama, ya faɗi inda burtali ya taso, daga marke zuwa tsamiya mai kogo zuwa tsohuwar rijiya. Sannan ya ce, "Gonar farko da ta ci burtali tawa ta, taki ashirin, inda iyalina ka shuka gyaɗa. Ta biyu ta ƙanena Alu, taki talatin da biyar." Ya ci gaba, gona tara, kowa da sunansa.

A nan na gane abin da ya kai gwangwani rumbu. Yana jiran a gama aikin ne ya fito da shi gaban kowa lokaci guda, kada maganar ta fita rabi-rabi ta zama faɗa. Na kuma gane gayaunata ce ta farko, wadda nake sayen gishiri da sabulu da gyaɗarta.

Madam ta ce za ta saita shi ya riƙa buɗewa da kansa da an ba shi wuta, ba sai an buga komai ba. Ta ce, "Akwai wani shafin nasa inda yake faɗin rijiyoyi kawai, bai ambaci gonar kowa ba. In kina so a nan zai riƙa buɗewa. Ya isa ya wanke shi, ke kuma ki zauna lafiya da mutane." Na yi tunani. Na ce, "In na kai rabi, wani zai tono rabin, a ce ga abin da Dije ta ɓoye. Ɓoyo na ya kawo mu nan. Bar shi inda ya fara." Ta ba ni cajar, da wani ɗan abu mai igiya da ake turawa a danna, ta sa na gwada sau uku da hannuna.

A dawowa gwangwanin a tafin hannuna ya ƙetare iyaka, a buɗe. Ba wanda ya tsaya dubawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a rumfar da samari ke kallon ƙwallo, don nan ne kaɗai mai talabijin. Liman ya karɓi allon, ya kai shi haske, ya duba ƙullinsa da shatin yatsansa. Ya shinshina warin daddawa, ya dube ni. Ya ce, "Shi na." Ni na jona igiyoyin da kaina. Tururuwa suka gudu, fari ya fito, Malam ya tsaya gindin marke ya yi mana sallama. Rabin rumfar suka amsa kafin su tuna.

Da ya faɗi tasa gonar, wani ya yi salati a hankali. Da ya faɗi ta Alu, Alu ya tashi ya ce yanzu ana iya ƙera muryar mutum. Mai unguwa ya ce, "Ƙullin fa?" Alu ya sa takalmi ya fita. Sauran bakwai suka zauna har aka kira sunan kowa. Na naɗe igiyoyina na koma gida, ban san ko na ci ko na faɗi ba.

Washegari da hantsi ina tankaɗe na ji sallama a ƙofar gida, murya fiye da ɗaya. Liman ne, da mai unguwa, da maza sun fi ashirin, har da mai babur ɗin nan, har da biyar daga cikin masu gonakin. Na fito da tabarmin da na naɗe tun ranar uku, ƙura ta kama su, na kakkaɓe na shimfiɗa. Suka zauna. Liman ya ce, "Dije, ya muka ji da haƙuri?" kamar jiya aka yi rasuwar. Na ce, "Haƙuri da godiya." Suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa, kowa na amsa masa. Aka ɗaga hannu aka yi wa Malam addu'ar da ta makara wata biyar.

Alu bai zo ba har yau, tabarmarsa tana jingine a zaure. Da ruwa ya sauka na auna taki ashirin daga gindin marke na bar su ba shuka, shanu sun fara bi. Allon yana hannun liman da zarensa. Wani lokaci nakan karɓo in je rumfar in ba kowa, in jona, in ji sallamarsa kawai in cire. Wanda aka karanta wa wannan, kada ya tsaya tausayina, ya yi wa Malam fatiha.